Yadda Ake Sayen Tabla, a Saita Ta, a Fara Kaɗa Ta

Tun ranar da na faɗi cewa ina da tabla, tagwayen gangunan nan na Indiya, a ɗakina tambayoyi ba su yanke ba. Wani ɗan'uwansa ne zai dawo daga karatu a Indiya, yana so ya san irin wadda zai ce a sayo masa. Wani ta riga ta zo hannunsa, amma in ya buga sai ta amsa kamar jiƙaƙƙen kwali. Wani kuwa wayewar gari ya yi cikin hunturu ya tarar fatar ta tsage, har yau bai san laifin da ya yi mata ba. Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya san muryar gangunan nan biyu da ake girkewa a gaba a kaɗa da yatsu, ko da bai taɓa jin sunansu ba.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne tabla ganga ce mai tsayayyar murya, kamar tsirkiyar garaya. Sai an saita ta kafin ta yi magana, kuma yawancin waɗanda suka lalata tasu a wurin saitin suka lalata ta. Saboda haka a nan zan fi daɗewa.

1. San sassanta da sunayensu

Ba don ƙawa za ka haddace sunayen nan ba. Da su mai sayarwa zai yi maka magana, da su kuma za ka nemi kayan gyara.

Ƙaramar ta dama, wadda aka sassaƙa da itace, ita ce dayan. Babbar ta hagu mai kama da tukunya ita ce bayan, wasu su ce dagga. Fatar da aka rufe bakin kowacce, ta akuya ce, sunanta puri, kuma kashi uku take: da'irar gefe ita ce kinar, filin da ke binta maidan, baƙin tabon tsakiya kuwa siyahi. Siyahin nan haɗi ne na garin ƙarfe da ƙullun shinkafa ko alkama, ana shafa shi shafi bisa shafi ana gogewa da dutse har ya yi sheƙi. Aikinsa ya yi kama da na naken da makaɗan fada suke liƙa wa taushi da kotso, sai dai shi ba a ɓamɓare shi a sake. Masanin kimiyyar nan na Indiya, C. V. Raman, ya nuna tun 1920 cewa nauyin tabon ne yake sa gangar ta fid da amo mai tsari irin na tsirkiya.

Kitson fatar da ya zagaye bakin puri shi ne gajra. Doguwar igiyar fata da ta ratsa gajra a wuri 16 tana sauka tana hawa ita ce baddhi. Guntayen itace 8 da aka cusa ƙarƙashin igiyar a jikin dayan su ne gatta.

2. Abin da za ka ce a sayo maka

Fara da faɗin bakin dayan, domin shi yake yanke muryarta. Mai faɗin inci 5 da rabi tana zama a wajen C ko C# (sunayen muryoyi ne a jikin piyano), ita ce kuma nake ba mai koyo shawara. Mai inci 5 ko 5 da kwata muryarta ta fi tsini. Mai inci 6 ta fi kauri, kuma yatsun sabon hannu suna wahala a kanta. Ka ce wa mai sayarwa ya faɗa maka muryar da aka yi gangar dominta.

Gargaɗi: kowace dayan iyakarta ɗan taki ɗaya ko biyu sama ko ƙasa da muryar da aka yi ta. In ka sayi mai inci 6 da nufin ka ɗaure ta har ta kai tsinin da kake ji a waƙoƙin fim, fatar ce za ta fashe kafin ta kai.

Itacen da aka fi so shi ne shisham, wani itacen Indiya, saboda nauyinsa. Ana kuma yi da darbejiya, wadda ta fi araha kuma ba ta da laifi ga mai farawa. A ɗaga gangar a ji: in ta yi sakayau, a ajiye ta. A kuma duba jikin itacen ko akwai tsaga, a dubi bakinta ko da'irar ta cika, domin ganga mai karkataccen baki ba ta taɓa saituwa.

Ita kuwa babbar gangar, wato bayan, ana yin ta da jan ƙarfe, ko tagulla, ko baƙin ƙarfen da aka wanke da fari, ko yumɓu. Ta jan ƙarfe ko tagulla mai nauyin kilo 2 da rabi zuwa 3 ta isa. Ta yumɓu tana da daɗin amo ƙwarai, amma kada ka sa a ɗauko maka ita a jirgi.

Maganar kuɗi: a kasuwannin Indiya tablar ɗalibai tana kamawa daga wajen rufi (kuɗin Indiya) 4,000 zuwa 8,000, ta ƙwararru kuma daga wajen 15,000 zuwa sama. Garuruwan da suka yi suna da ƙera ta sun haɗa da Mumbai, Kolkata, Banaras, Delhi da Pune. In ta kamfanin aika kaya za ta zo, kuɗin dakon yana iya kamo kuɗin tablar ɗalibai har ya wuce shi, don haka samun matafiyi ya fi sauƙi. Ni dai a ganina gara ka ƙara kuɗi ka tsallake mafi araha. Waɗanda ake jerawa a shagunan tsaraba don masu yawon buɗe ido ado ne kawai, tabonsu ma wani lokaci fenti ne.

Ka tabbata an haɗo maka da waɗannan: gudumar saiti, wadda suke kira hathodi, gammo biyu na zama, marufan fata biyu masu laushi, da jaka mai kauri. In aljihu ya yarda, a ƙaro puri ɗaya na dayan a ajiye, mai faɗi daidai da gangarka. Ranar da za ka buƙace shi ba za ka same shi a kusa ba.

3. Zama da shirin hannu

Cire zobe da agogo, ka yanke farce. Shimfiɗa tabarma ko darduma, ka tanƙwashe ƙafa, bayanka a miƙe. Ɗora kowace ganga a gammonta: dayan a dama, ka ɗan kishingiɗar da ita fuskarta ta kalli gaba, bayan a hagu. Bahago ya juya su. Siyahin bayan ba a tsakiya yake ba, ya karkata gefe guda. Juya ta yadda siyahin zai yi nesa da kai, faffaɗan filin ya zo wajen da gindin tafin hannunka zai kwanta.

Barbaɗa 'yar hoda a yatsu da gindin tafin hagu, irin ta jarirai ma ta yi. Kaɗan ake sawa. In ta yi yawa takan taru tsakanin kinar da maidan ta toshe muryar.

Makaɗan Indiya ba sa tsallaka kayan kiɗa, ba sa taɓa su da ƙafa, ba sa zama gabansu da takalmi. In Allah ya haɗa ka da malami daga can, Ustad ne ko Pandit (laƙabin manyan malaman kiɗa ke nan), kiyaye wannan tun ranar farko.

4. Nemo muryar da za ka bi

Ba a saita tabla da ka. Ana bin wata murya tsayayya da makaɗan Indiya suke kira Sa, wadda mawaƙi ya ɗora waƙarsa a kai. A can tanpura ce take riƙe ta, wato doguwar molon nan mai tsirkiya 4 da ake ta shafawa a bayan mawaƙi. Kai ba sai ka sayi tanpura ba. Akwai manhajojinta na waya, kyauta da na kuɗi, kamar iTablaPro. Piyano ko harmoniyam ma ya wadatar. Sa manhajar a kan muryar gangarka, a ce C#, wadda makaɗan can suke kira kali ek, wato baƙin maɓalli na farko. Bar ta tana kuka minti biyu ko uku, kana binta da murya a hankali, har ta zauna maka a kunne.

5. Koyi bugun Na kafin ka taɓa guduma

Wannan matakin shi mutane suke tsallakewa, alhali da bugun Na ake auna saiti. Ɗora kan yatsan zobe a bakin siyahi, ya taɓa kawai ba dannawa ba. Ɗaga na tsakiya sama. Sai ka sauke manuniya da sauri a kan kinar, ta buga ta ɗago. In ka dace za ka ji amo mai tsini yana ɗan ja kamar an taɓa ƙararrawa. In ka ji "tak" busasshe, ko dai ka danna yatsan zobe da yawa, ko manuniyar ta kwanta ba ta ɗago ba.

Zai iya cin ka kwana da kwanaki. Ni sai da na yi kusan mako biyu kafin Na ɗina ya fito sau goma a jere. Kafin nan kada ka saita komai, domin kunnenka ba shi da abin da zai auna.

Gargaɗi: akwai wani bugun, Tun, wanda ake yi da manuniya a tsakiyar siyahi ba tare da wani yatsa ya taɓa fatar ba. Yana da zaƙi kuma ya fi saurin fita, shi ya sa masu koyo suke son yin saiti da shi. Muryarsa ta ɗan ɗara ta Na tsayi, saboda haka in ka bi shi za ka sauka a wurin da ba shi ba. Manhajojin auna murya ma sukan rikice tsakanin su biyun. Na za ka bi, da kunnenka.

6. Babban saiti: gatta

Buga Na, ka saurari tanpura. In tazarar tana da yawa, gatta za ka fara taɓawa. Buga gatta ƙasa yana ɗaure igiya, murya ta hau. Buga shi sama yana sassautawa, murya ta sauka.

Rungume gangar a cinya, ka bi su bi-da-bi, amma ba a jere ba. In ka taɓa ɗaya, juya ka taɓa wanda yake fuskantarsa ta ɗaya gefen, kamar yadda mai faci yake ɗaure notocin taya. Kowanne ka saukar da shi gwargwadon kaurin tsinken ashana biyu, ka zagaye duka 8, sannan ka sake buga Na. Idan ka gama, su kasance kusan a layi ɗaya. Da ka ji ka matso kusa da muryar, dakata. Sauran aikin na gajra ne.

Gargaɗi: in igiyar ta yi tauri har gatta ya ƙi motsi alhali murya ba ta kai ba, gangar ce take gaya maka iyakarta ke nan. Sauke manhajar zuwa muryar da gangar ta yarda da ita.

7. Ƙaramin saiti: gajra

Ga inda haƙuri yake aiki. Manufa ita ce duk inda ka buga Na a kewayen bakin gangar, murya ɗaya za ka ji.

Mayar da dayan kan gammo. Buga Na a gabanka, ka ɗan juya gangar, ka sake bugawa, haka har ka zagayo. Za ka ji wani wuri ya hau, wani ya sauka. Fatar da ba ta daidaita ba amonta yakan yi rawa, yana kaɗawa kamar muryar mai jin sanyi, kuma yakan mutu da wuri. Sa alama a zuciyarka inda ya fi sauka.

Riƙe guduma da hagu, dama tana kan fata. Inda murya ta yi ƙasa, buga gajra daga sama da faffaɗan bakin gudumar, murya za ta hau. Inda ta yi sama, buga gajra daga ƙasa, za ta sauka. Bugun ya faɗa a kan kitson, a tsakanin igiya da igiya. Ɗan ƙwanƙwasawa ake yi da wuyan hannu, ba sara ba. Bayan kowane bugu ɗaya ko biyu, buga Na ka ji abin da ya canja.

Abin da ya daɗe yana ruɗa ni shi ne wannan: duk wurin da ka taɓa, wanda yake fuskantarsa ma ya motsa, domin fata ɗaya ce. Saboda haka in ka gyara nan, juya gangar rabin zagaye ka duba can, sannan ka koma gefe da gefe. Wani lokaci wurin da kake zargi lafiyarsa ƙalau, abokin fuskantarsa ne ya yi sako-sako. In ka yi ta dukan wuri ɗaya murya ta ƙi motsi, bar shi ka tafi kishiyarsa.

Idan ka zagaya sau biyu ko uku, shimfiɗa tafin hannu ka ɗan mari tsakiyar fatar sau ɗaya don ta zauna, ka sake dubawa. Alamar ka iso ita ce Na ya narke cikin kukan tanpura har ka kasa raba su, amon kuma ya yi tsawo fiye da yadda ka saba ji.

Gargaɗi uku a nan, kuma duk na ga ɓarnarsu da idona. Kada guduma ta sauka a kan kinar, domin bakin itacen yana ƙarƙashinsa, fatar za ta yanke a tsakaninsu. Kada ta sauka a kan igiya, za ta tsinke ta a hankali. Kada kuma ka ɗauko gudumar kafinta: ta yi nauyi, bakinta kuma yana cin kitson. Tablata ta farko haka na raunata ta, da gudumar gida, cikin gaggawar in ji ta yi irin amon da nake ji a kaset. Raunin bai nuna ba sai bayan wata guda, fatar ta buɗe daga daidai wurin.

Farkon koyo saitin nan zai ci maka minti 20 ko fiye. Sabuwar tabla kuma takan sauka kullum a makonnin farko domin igiyar tana miƙewa. Ba lalacewa ba ce.

8. Saitin bayan

Wannan ba ya da wuya. Ba a ɗaure bayan a kan murya ɗaya, domin gindin tafin hannu ne yake hawa da sauka da muryarta yayin kiɗa, kusan yadda hammata take yi wa kalangu. Abin nema kawai ta yi kauri tana ja, kada ta yi sako-sako har ta yi "fab", kada kuma ta ɗaure har tafin hannu ya kasa lanƙwasa amon. In ta saki, zagaye gajra da ƙwanƙwasa daga sama, wuri da kishiyarsa. In ta yumɓu ce, sassauta hannu ƙwarai.

9. Bugun farko da zagayen farko

Kowane bugu yana da sunan da ake furtawa, su ake kira bol. Kalangu maganar mutane yake kwaikwaya, su kuwa bol ba su da ma'ana, sunayen bugu ne kawai. Ban da Na, waɗannan za ka fara da su:

Tin: kamar Na, amma manuniya ta sauka a maidan, da taushi.
Ge: a kan babbar gangar, wato bayan, gindin tafi a kwance a faffaɗan filin, kan manuniya ko na tsakiya ya ƙwanƙwasa fatar da ke gaban siyahi ya ɗago.
Ke: a kan babbar gangar, yatsu a shimfiɗe su faɗa su zauna, amon ya mutu.
Dha: Na da Ge lokaci ɗaya.
Dhin: Tin da Ge lokaci ɗaya.

Zagayen da kowane malami yake farawa da shi shi ne tintal, mai bugu 16 a gida 4:

Dha Dhin Dhin Dha / Dha Dhin Dhin Dha / Dha Tin Tin Ta / Ta Dhin Dhin Dha

Ta ɗin nan Na ne ba tare da hagu ba. Kafin ka taɓa ganga, karanta shi da baki kana tafi a bugu na 1, na 5 da na 13, a na 9 kuma ka juya tafin hannu sama ba tafi. Bugu na 1 shi ne sam, inda mawaƙi da makaɗi suke haɗuwa, kuma ɓatan sam shi ne babban abin kunyar makaɗi. Abin da baki bai iya ba, yatsa ba zai iya ba, don haka kada ka raina karatun.

Na san da yawa abin da ya jawo su shi ne kiɗan finafinai. Mafi yawansa a kan zagaye biyu yake: kaharwa mai bugu 8 (Dha Ge Na Tin / Na Ke Dhin Na) da dadra mai bugu 6 (Dha Dhin Na / Dha Tin Na). Za ka iso su, amma ba wa tintal wata guda tukuna, a hankali ƙwarai, minti 20 zuwa 30 kullum. Gudu kafin bugu ya fito tsaf shi ne kuskuren da ya fi wuyar warwarewa daga baya. In kana son ka ji yadda Na mai tsabta yake, nemi kiɗan Ustad Zakir Hussain, wanda ya rasu a Disambar 2024, ko na mahaifinsa Ustad Alla Rakha, ka saurari wurin da suke tafiya sannu, kafin su ɗauki wuta.

10. Hunturu, bazara da damina

Fata tana sha tana bushewa da iskar da ke kewaye da ita. Da damina takan sha danshi ta saki, murya ta sauka ta dushe. Da hunturu da bazara takan bushe ta ɗaure kanta, murya ta hau ba wanda ya taɓa ta. Tablar da aka ɗaure a Mumbai ko Kolkata, garuruwa masu laima, in ta sauka Kano ko Damagaram a watan Janairu, tana cikin haɗari tun daren farko. Da ta iso, buga Na ka ji. In ta haura muryarta, sassauta gatta nan take, ka bar ta kwana biyu a jaka ta saba da iskar kafin ka saita.

Duk tsawon rani, in ka gama kiɗa ka ɗan ɗaga gatta sama kafin ka ajiye. Goge fatar da busasshen ƙyalle, ɗora marufi, sa a jaka, ka ajiye nesa da taga da jikin bangon da rana take duka. Kada ka bar ta a cikin mota ko na awa ɗaya.

Gargaɗi: mun saba ganin makaɗanmu suna kara ganga a wuta ko su shanya ta a rana in ta saki. Kada ka yi wa tabla haka, siyahin zai tsattsage ya fara zuba. In damina ta saukar da ita, goga tafin hannu a kan fatar da sauri har ta ɗan yi ɗumi, ka ƙarasa da guduma. Ruwa, mai, man shafawa, jiƙaƙƙen hannu, ko ɗaya kada ya kusanci siyahi. Ɗigon ruwa ɗaya yana narkar da wurin da ya taɓa.

11. Idan gatta ya kai ƙasa, ko fata ta mutu

Wata rana za ka ga gatta sun sauka har gindi, murya kuma ba ta kai ba. Mayar da su sama. Da siririn gefen gudumar, ɗaga igiya ɗaya ta kusa ka ɗora ta kan kowane gatta, duka 8 daidai wa daida. Kowane gatta yana ɗaukar igiya har 4. In an kai 4 kuma ta sake saki, sai an cire gatta duka an bi igiyar daga farkonta zuwa ƙarshe ana janye sakin, wuri bayan wuri. Kada ka ja da ƙarfi a zagaye ɗaya, fatar za ta zame gefe guda. Yi zagaye biyu ko uku, kana duban siyahi yana nan a tsakiya.

In kana jin wani zizar ƙarfe-ƙarfe a cikin amon, duba abu biyu. Akwai siririn zare da ake cusawa tsakanin kinar da maidan, wataƙila ya goce ko datti ya taru a wurin, sai ka gyara shi da abu marar kaifi. In ba shi ba ne, shafa yatsa a kan siyahi: in ƙwayoyinsa suna motsi ko suna zuba, puri ya gama aiki. Fatar da ta tsage ma ba ta ɗinkuwa, ba ta liƙuwa. A nan ne purin da ka sa aka ƙaro maka zai yi rana. Kafin ka kwance tsohon, ɗauki hoton yadda igiyar ta bi ta gajra da zoben gindi daga kowane gefe, domin da hoton za ka mayar da ita. Sabon purin kuma ba shi mako guda kana ɗaure shi kaɗan-kaɗan kafin ka kai shi muryarsa.